Gwaggo Tabawa da Motar Gado

Kun ji abin da Gwaggo Tabawa ta yi jiya kuwa? Ta je ofis canza sunan motar da ta gada wurin babanta, mai saye yana waje, ya ce in ba yau ba ya fasa.

Ma'aikacin ya ture takardar gadon. "Hajiya, sai mai sunan ya zo da kansa ya sa hannu."

"Yallaɓai, shekararsa uku da rasuwa."

"Doka ce."

"Ba komai. Rubuta mini cewa kana jiransa, ka buga hatimi, in kai wa alƙalin da ya raba gadon. Gara ya san dukiyar mai rai ya raba."

Mutumin ya yi tsuru-tsuru, ya jawo takardar. "Gwaggo, kira mai sayen ya shigo."