Ɗigo Biyar a Agogon Ladan

An yi wani mutum a Gusau, mai gyaran agogo. Allah ya ba shi ido. In ya kalli fuskar tsohon agogo, daga kaurin rubutu da launin hannuwa zai gaya maka na asali ne ko jabu. Amma salla, sai ran da ya ga dama.

Wata rana Malam Attahiru, ladanin wani masallaci a Kekun Waje, ya kawo masa agogon da ya gada wajen mahaifinsa, wai ya daina tafiya. Mutumin nan yana dubawa, sai ya gane ta asali ce. Irin fuskar da dillalai ke nema ruwa a jallo ce. Sai dai akwai ɗigo biyar na jar tawada a gefenta.

Ya ce, "Baba, ka dawo Juma'a."

Ya cire fuskar, ya sa mai kama da ita. Har ɗigon ya kwaikwaya, ya ɗiga su inda hannunsa ya faɗa. Tsoho ya karɓa, ya yi godiya, har da sa albarka.

Daga ranar hankalin mai gyaran bai sake kwanciya ba. In wani dattijo ya tsaya a bakin shago, sai ya ɗauka ladan ne ya dawo. In waya ta yi ƙara, sai ya ƙi ɗauka.

Ya 'yan uwa, kun san ko ɗigon mene ne? Lokutan salla ne. Ladan bai san lambobin boko ba, ɗigon mahaifinsa yake bi. Ina wanda ba ya salla zai gane haka?

Damina ce, hadari ya rufe rana, babu inuwar da za a duba. Ladan ya kira la'asar ba a daɗe da sallame azahar ba. Manoma suka baro gona. Ƙanen ladan, Manu, ya karɓi agogon, ya duba, ya ce, "Yaya, ɗigon la'asar a kan huɗu Baba ya sa shi. Wannan ba fuskarmu ba ce."

Magana ta tashi daga Bungudu har Tsafe. Duk wanda ya taɓa kai wa mai gyaran agogonsa ya zo a buɗe nasa a gabansa. Shago ya rufe. Dillalin da ya ɗora wa rai kuwa cewa ya yi, "Tawada ta ɓata ta, ba na so." Ba tsuntsu, ba tarko.

Amana ce aka ba shi, jama'a. Idon da ke gane rubutu kamar ƙwayar gero ya kasa gane lokacin ganawa da Ubangijinsa. Abin da aka damƙa maka, ka mayar yadda yake.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya sa mu san lokacinmu tun bai ƙure ba. Amin.