Takalman Gwaggo Kesar

Akwai wani mutum a unguwarmu a Moradabad ta ƙasar Indiya mai suna Omkar, yana da shagon kayan tagulla a bakin kasuwa. Mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Cutarsa guda ce: shi komai ya sani. Ko shayi matarsa Nirmala za ta dafa, sai ya leƙa kicin ya gaya mata lokacin zuba madara.

Kafin mahaifiyarsa ta rasu, ta kama hannunsa ta ce, "Omi, kana ƙarami zazzaɓi ya kusa ɗauke mana kai. An ɗaura maka zare a bishiyar Uwa Mansa, har yau ba a kwance ba. Kada ku bar shi haka."

A wurinmu, wanda ya hau dutsen garin Haridwar ya roƙi wani abu wurin Uwa, wato allahiyar da haikalinta ke saman dutsen, yakan ɗaura jan zare a bishiyarta. Idan buƙata ta biya, shi zai koma ya kwance da hannunsa. Omkar ya ɗauka mahaifiyarsa ce ta ɗaura, ya ce tunda ta tafi, nauyin ya dawo kansa. Bai tambayi kowa komai ba, ya shiga shiri.

Shiri kuwa ya yi shi har ya ishe mu. Ya sayi tikitin jirgin ƙasa, ya kama masauki kusa da kogi, ya zaɓo kwakwa da jan mayafin da za a kai wa Uwa. Ya ce ba mai wahalar hawan dutse da ƙafa, keken sama mai bin igiya za su shiga. Duk wanda ya je sayen kofin tagulla a shagonsa, sai ya sha labarin tafiyar kafin a ba shi canji.

A ɗakin baya na gidan akwai Gwaggo Kesar, ƙanwar mahaifinsa. Mijinta ya mutu tana da ƙuruciyarta, ba ta haihu ba, ta dawo gidan wanta da farin zane irin na matan da mazansu suka mutu, kuma a nan ta tsufa. Ita ke jiƙa wake, ita ke goyon yara, ita ke tsare gida in an tafi biki.

Kuma ba ta sa takalmi. Da zafi da sanyi, haka take yawo, ƙafafunta duk faso. Omkar ya sha sayo mata takalma. Takan karɓa da hannu biyu, ta sa masa albarka, ta tura su ƙarƙashin gado.

Ranar da ta ji maganar Haridwar, tsohuwar nan ta koma yarinya. Ta wanke zanenta, ta ɗaure ɗan ƙullin kayanta, ta zauna a bakin ƙofa tana ɗinka wa jan mayafin baki, tana kai allurar har kusa da hanci saboda idonta ya fara dushewa. Duk wanda ya gan ta ya san in ba ta je wannan karon ba, ba za ta ƙara samun wata damar ba.

Da Omkar ya dawo cin abincin rana ta ce, "Omi, a jirgin ka sa ni kusa da taga. Na ji an ce hanyar ta canza."

Ya ajiye loma ya ce, "Haba Gwaggo, wa zai tsare gida? Ga cunkoso, ga idonki. Kuma ke ba kya sa takalmi, a ce a tasha mutane su ga na kwaso ki haka?"

Akwai abin da bai faɗa ba, amma kowa ya ji shi. Yana ganin tafiyar alheri ba ta mai farin zane ba ce. Ni dai wannan maganar ta ƙona min rai, har yau in na tuna sai na ji ta.

Gwaggo ba ta yi musu ba. Ta ce, "To, Uwa ba ta kira ni ba ke nan. Ran da ta kira, zan je." Ta ci gaba da ɗinkinta. Da yamma Nirmala ta ga ta kwance ƙullin, tana mayar da zanen cikin akwati.

Ana gobe tafiya, Vimla ƙanwar Omkar ta iso daga gidan mijinta. Suna kicin ita da Nirmala suna suyar puri, wato wainar fulawa, na guzuri, shi kuma yana tsaye a kansu yana cewa man bai yi zafi ba.

Vimla ta ce, "Yaya, kai dai tun kana ƙarami kake cinye hankalin gidan nan. Mama ta ce ko sati ban yi a duniya ba zazzaɓinka ya tashi, aka manta da ni a tsumma kamar kyanwa."

Nirmala ta tsaya da matsami a hannu. Ta ce, "Maigida, tsaya. Mama jego take yi a lokacin?"

Ya ce, "To sai me?"

"Mai jego tana shiga haikali? Ko ƙofar gida ba ta fita. Baba kuma ka ce shi ya zauna da kai wurin likita. To wa ya hau dutsen?"

Puri ya ƙone a cikin mai ba wanda ya kula.

Omkar ya nufi ɗakin baya. Ya tarar da Gwaggo zaune a tabarma tana tsince shinkafa da lalube. Ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, wa ya ɗaura zaren?"

Ta ce, "Kai, je ka shirya kayanka. Bakance ba a talla da shi."

"Don girman Uwa ki gaya min."

Gwaggo ta dakata da tsintar shinkafar. Sannan ta ce, "Jikinka kamar garwashi, ka daina ko kuka. Babarka tana ɗaki ba ta da ikon fita. Na ce ni ba ni da ɗa, ba ni da miji, ba ni da abin da zan ba Uwa. Sai na cire takalmana a gindin dutsen, na ce mata in ta bar mana kai, ba zan ƙara sa wani ba sai na dawo na kwance zaren nan."

Omkar ya dubi ƙafafunta. Ƙafafun da ya ce za su ba shi kunya a tasha.

Ya ce, "Duk shekarun nan? Me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Babarka ta sha cewa baɗi za mu je. Baɗi ta yi ta zuwa tana wucewa, yau haihuwa, gobe biki. Wadda take cin abincin gidan wanta kuma ba ta cewa a kai ta unguwa. Ai ka rayu, Omi. Ga ka har da tumbi. Me ya rage?"

Babban mutum mai furfura ya kifa kansa a ƙafafun tsohuwa yana kuka kamar an yi masa duka. Ita kuma tana shafa kansa tana cewa, "Tashi mana, za ka zubar min da shinkafa."

Da la'asar ya ƙwanƙwasa ƙofata, ya miƙo min makullin gidansa. Ya ce, "Maƙwabci, kai ne mai tsaron gida." Na ce ai na ji an ce akwai mai tsaro. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ita ce mai tafiyar. Mu ƴan rakiya ne."

Sauran labarin a bakin Nirmala na ji. Gwaggo ta samu tagarta, kuma ba ta ɗauke fuska daga gilashin ba har Haridwar. Da aka nuna mata keken sama ta ce da ƙafa ta hau wancan karon, da ƙafa za ta koma. Omkar ya cire nasa takalman ya riƙe hannunta.

Ba su yi rabin hanya ba ya fara haki, yana ɗaga ƙafa kamar kaza a kan kwano mai zafi. Gwaggo ta ce, "Wannan ne ya ce ba zan iya tafiyar ba? Zauna ka huta, ɗana, Uwa ba ta gudu."

A saman dutsen, bishiyar ta lulluɓe da zare, ja a kan ja. Omkar ya ruɗe ya ce yaya za a gane nata. Ta ce, "Nawa ruwa da rana sun cinye shi tuntuni. Kowanne na kwance, Ita ta san wanda nake nufi." Ta miƙa hannu tana lalube, ta kwance guda. Ta daɗe tsaye da shi a tafin hannu, hawaye na bin fuskarta, ba wanda ya ce ta yi sauri.

Da suka sauko gindin dutsen, Omkar ya buɗe jakarsa. Ashe ya zaro takalmi guda daga ƙarƙashin gadonta, wanda ya fara saya mata da kuɗin shagonsa. Ya zaunar da ita a kan dakali, ya wanke mata ƙafa da ruwan gorarsa, ya share da bakin rigarsa, ya sa mata a gaban jama'a.

Ta miƙe, ta yi taku biyu, ta yamutsa fuska. Ta ce, "Omi, suna matse ni."

Ya ce, "To a cire, Gwaggo."

Ta ce, "Wa zai cire? Ɗana ne ya sa min."

Darasi: Wanda kake gani ya zame maka nauyi a gida, wataƙila shi ya ɗauki naka nauyin tun ba ka san kanka ba, kuma bai taɓa faɗa ba. Kafin ka yanke wa tsoho hukunci a kan wata ɗabi'arsa, zauna ka tambaye shi dalili tun yana da bakin amsawa. Idan akwai irin Gwaggo Kesar a ɗakin bayan gidanku, ku leƙa ta yau, sannan ku tura wa ƴan'uwa labarin nan su ma su tuna da tasu.