Bokitin Mai Kabad

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai sayar da kabad ɗin kicin. Allah ya ba shi shago mai faɗi a bakin titi, ya ba shi kafintoci masu hannu, ya ba shi baki mai zaƙi. Da ya tsaya a nan, da yau ba labarinsa nake ba ku ba.

A ƙofar shagonsa akwai wani shuɗin bokiti cike da ruwa, da guntun katako kwance a ciki. Duk wanda ya shigo, sai ya tsamo guntun, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Taɓa ki ji, Hajiya. Wallahi da irinsa nake aiki, ruwa ba ya yi masa komai." Har mutane suka sa masa suna Mai Bokiti, shi kuma yana amsawa da fara'a.

Guntun nan kam katako ne na gaske. Amma abin da ake kai wa mutane gida garin katako ne da aka matse da gam, aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Kun ji inda rantsuwar ta faɗa?

Sai wata malamar makaranta da ta yi ritaya, wadda kowa ke ce wa Goggo, ta sa aka yi mata nata. Ta daɗe tana burin kicin mai tsari. Ranar da aka kafa, har mijinta ta jawo ya zo ya gani. Ya ce, "To, yanzu sai mu dawo da gadon nan ma, tunda na ga a nan za ki tare."

Ba a jima ba ƙofar da ke ƙarƙashin famfo ta kumbura, ledar ta fara ɓarewa. Wata safiya kantar sama ta saki, farantan tangaran da mahaifiyarta ta bar mata suka zube ƙasa. Goggo ta yi kuka, ta share hawayenta, ta kwance ƙofar, ta nufi shago.

Me ya ce mata? "Danshin gidanki ne, Goggo. Ku mata kun cika wasa da ruwa." Ta koma karo na biyu, aka ce ya fita, alhali ga motarsa a inuwa.

Ku lura da matar nan. Ba ta zage shi ba, ba ta tara masa jama'a ba. Ta je ofishin da ke kare haƙƙin masu saye, ta faɗi abin da ya faru, ba ƙari ba ragi. Neman haƙƙi ta hanyarsa ba rashin haƙuri ba ne, kada wani ya ruɗe ku.

Jami'in ofishin ya zo shagon da ita. Mai Bokiti ya tarbe su da shayi, ya tsamo guntunsa kamar kullum, ya sake rantsuwa cewa katakonsa ɗaya ne da nata.

Goggo ta ce, "Alhaji, ni ban san katako ba. Amma tunda ɗaya ne, a sa ƙofata a bokitinka su kwanta tare, mu kuma mu sha shayinmu."

Ina zai ce a'a? Bokitinsa ne, maganarsa ce, ga masu saye sun tsaya suna kallo. Aka yanki gefen ƙofar aka jefa. Kafin shayi ya huce yankin ƙofar ya fara kumbura, kafin a gama ya zama kamar burodin da aka jiƙa. Jami'in ya sa yatsa, abin ya dagargaje. Guntun gaskiyar kuwa yana gefe, ko gezau.

Aka hukunta ya sake wa Goggo kicin da katakon da ya rantse a kai. Amma fa ba a nan ta tsaya ba. Wani ya ɗauka a waya, labari ya bazu. Sai ga mutane suna ta zuwa, kowa da ƙofar kabad a hammata, kowa bokiti yake nema. Kafintocinsa suka watse. Masu ba shi kaya suka janye. Mai ginin ya karɓi makullinsa. Ranar da aka kwashe shagon, bokitin kaɗai aka bari a bakin ƙofa, don babu mai so.

Goggo tana nan lafiya, kicin ɗinta tsaf, mijinta yana ta tsokanarta. Farantan mahaifiyarta ne dai ba su dawo ba, ta kuma ce ta yafe wannan.

Ya 'yan uwa, mutumin nan ya san katako mai kyau, kullum hannunsa yana kansa. Nunawa yake yi, ba ya bayarwa. Kowannenmu yana da guntun da yake nuna wa mutane: a shago, a ofis, har a sahun salla. Abin da kake kai musu gida fa? In an jefa shi a bokitinka yau, zai fito yadda ya shiga?

Allah ya sa abin da muke ɓoyewa ya yi daidai da abin da muke nunawa. Allah ya kiyaye mu da rantsuwar ƙarya, ya sa mu gyara tun kafin a jiƙa mu a gaban jama'a. Amin.