Bargon da Ya Tsuke

Goggona mace ce mai kyauta da tsabta, amma Allah ya jarrabe ta da zargi. In ka gaishe ta da fara'a, sai ta ce akwai abin da kake nema. In yara suka yi dariya a tsakar gida, to da ita suke. Mutum ɗaya ce ta iya zama da ita, ƙanwarta da muke kira Auta, wadda ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta. Allah bai ba Auta haihuwa ba, kuma duk mun san ba a taɓa mata wannan miki.

Da 'yar Goggo ta samu ciki, Goggo ta ɗauri aniyar saƙa wa jikanta na fari bargo da hannunta. Ta sayo kwarashi da zaren ulu, ta jingina wayarta da kwalbar man shafawa, ta shiga koyo daga bidiyon wata malamar saƙa. To, ita ma malamar ba ta tsira ba.

"Ji ta da jan magana," in ji Goggo. "So take ta cinye mini data. Na gano ta."

Don haka da zarar malamar ta kusa ƙarshen layi ta fara bayani, sai Goggo ta ja bidiyon gaba da yatsa.

Bargo ya fara da faɗinsa, gwanin sha'awa. Sannu a hankali sai ya soma tsukewa kamar wutsiyar ƙadangare. Goggo ta shimfiɗa shi a gado, ta auna da taƙi, ta girgiza kai ta ce ruwa ba ya tsami banza. Ta fara sa ido. Ta saƙala silin gashin kanta a bakin jakar saƙar don ta gane in an buɗe. Wata safiya ta dawo daga wanka ta tarar da Auta riƙe da bargon tana duban gefensa. Nan fa biri ya yi kama da mutum.

"Ashe ke ce kike warware mini gefe!"

"Haba Yaya, ni? Gani na yi kamar kina tsallake wani abu, shi ne nake dubawa."

"Rufe mini baki. Baƙin ciki kike za a haifa mini jika. Wadda ba ta taɓa goyo ba, ina ta san darajar bargon jariri?"

Auta ta ninke bargon ta ajiye, ta haɗa kayanta, ta koma wurin wansu a wani gari. Ni dai ranar na ji haushin Goggo har cikin raina.

Goggo ta ce ta rabu da ƙaya. Ta ci gaba da saƙa ita kaɗai, tana kulle jakar a akwati. Amma bargo bai fasa tsukewa ba. Ran nan zare ya sarƙe mata a yatsu, ba hannun da za ta taɓa waya, sai bidiyo ya kai wurin da ta saba tsallakewa. Ta ji malamar tana cewa, "Ku kula da idon saƙa na ƙarshe a kowane layi, ɓuya yake yi. In kuka bar shi, saƙarku za ta riƙa tsukewa."

Goggo ta duba gefen bargon. A kowane layi ga ido ɗaya da ta bari da hannunta. Ta kira Auta tana kuka.

"Na yafe miki, Yaya," in ji Auta. "Amma dawowa kam, a'a. Ki warware bargon ki sake, zare ne. Abin da kika faɗa mini fa, da wane kwarashi za ki warware shi?"

An haifi jikan, an lulluɓe shi da bargo mai kyau. Ɗakin Auta kuwa har yau a rufe yake.

Mai karatu, in abu ya karkace maka, fara duba hannunka kafin ka nuna wani da yatsa. Mai zargi ba ya tsayawa ya ji bayani, kuma wanda ya fi kusa da shi ne yake fara rauni. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.