Tafin Hannu a Bakin Ramin Rini

Kwanakin nan wani labari ya tsaya mini a rai, ko abinci ba ya yi mini daɗi. Bari in ba ku, ko na samu sauƙi.

Akwai wata mai ɗinki da ta tashi a bayan tsohuwar marina, wadda take manne da majema. Mahaifinta marini ne. Tana yarinya, 'yan ajinsu kan toshe hanci in ta shigo, wai warin fata ya biyo ta. Tun daga nan ta tsani wurin. Da aka rufe marinar, aka cike ramukan, aka yanka filaye, ita kaɗai ta yi murna a gidansu. In an tambaye ta sana'ar mahaifinta, sai ta ce harkar yadi yake yi.

Yanzu tsohon yana hannunta, a ɗakin baya. Shuni ya daɗe da barin fatarsa. Ƙaramin yatsansa na dama ne dai babu, tun yana saurayi ya rasa shi.

Autarta ta samu miji, ɗan masu hali. Iyayen yaron suka ce a zo a gaisa, a taho da kakan yarinya. Da mai ɗinki ta ji kwatancen gidan sai ta gane a kan filin marinar aka gina shi.

Tsohon ya ji inda za a je. Tun da safe ya saka rigarsa ta fita, ya zauna a bakin ƙofa. Ta ce masa ƙafarsa ba za ta iya ba, ya huta kawai. Ya tashi ya koma ɗaki.

Ana cikin hira a falo, uwar yaron ta ce har yanzu da damina ƙasar bayan gidan kan ɗan yi wari. Mai ɗinki ta fi kowa dariya. Ta ce ai gara da aka kawar da ƙazantar nan, mutane suka sha iska.

Sai mai gidan, uban yaron, ya ce, "Hajiya, ku zo ku ga wani abu."

A bayan gidan akwai rami ɗaya da ba a cike ba, an rufe shi da murfin ƙarfe, ga shatin tafin hannu a bakinsa. Ya ce mahaifinsa majemi ne a nan, shi ya sa ya sayi filin. Ya ce in marini ya gama shafe raminsa, yakan danna tafinsa a bakin ramin kafin shafen ya bushe, don kowa ya san nasa. Mai wannan tafin shi ya riƙa goya mahaifinsa a keke zuwa asibiti lokacin da ciwo ya kwantar da shi. Shi mai gidan ya daɗe yana cigiyar mai tafin, bai dace ba.

Auta ta durƙusa, ta ɗora hannunta a kan shatin. Yatsu huɗu ne.

"Umma, wannan ai hannun Kaka ne."

"Ina yake?" in ji mai gidan.

"Yana gida. Har ya saka rigarsa ma."

Mai ɗinki ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Mai gidan da kansa ya ja mota ya ɗauko tsohon. Da tsohon ya iso, ya daɗe yana shafa bakin ramin. Sai ya nuna 'yarsa yana murmushi, ya ce, "Ita ke kawo mini abincin rana nan, tana 'yar mitsitsiya. Ba ta taɓa makara ba."

Ba a fasa auren ba. Amma har yau in ta kai masa abinci ɗakin baya, ajiyewa take yi ta fito, ta kasa haɗa ido da shi.

Darasi: Kada ka ji kunyar hannun da ya ciyar da kai, domin ranar da ka ɓoye shi, wani ne zai nuna maka darajarsa a gaban 'ya'yanka. Ku tura wa 'yan'uwa. Mai ɗinkin da kanta ta ba ni labarin, ta tambaye ni ta ina za ta fara ba mahaifinta haƙuri, na rasa abin cewa. Don Allah, me zan gaya mata?