Furen da Ya Fito Inda Ba a Shuka Shi Ba

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da takarda sai fatake sun kawo, wani bawan Allah mai zayyana, ana ce masa Malam Cindo. Shi yake fiƙe alƙalaminsa na kara, siriri kamar ƙaya. In ya ja reshe a gefen shafi ya murɗa shi ya fitar da fure, wallahi sai ka ji kamar ka sunsuna.

To, ku saurara. A garin akwai Malam Barau, tsohon marubuci, shi ya koya wa rabin garin riƙon alƙalami. Tsufa ya zo, hannu ya fara rawa. Ya rubuta littafin salatin Annabi, na ƙarshensa, zai bar wa masallaci. Ya kawo ya ce, "Cindo, ƙawata min."

Malam Cindo ya buɗe. Rubutu daidai, amma gefen shafi duk ɗigon tawada, nan ɗigo, can ɗigo. Tausayi ya kama shi. In littafin nan ya shiga masallaci haka, an gama da tsohon a bakin mutane.

Ku kun sani, zayyana tana da ƙa'ida: fure a farkon babi yake zama, ko a ƙarshe. Shi kuwa sai ya bi ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya mai da shi tsakiyar fure, ya ja masa ganye.

Da littafi ya fito, masu sana'a suka yi ca. "Cindo ya rikice, fure ko'ina kamar gonar kabewa." Masu kawo aiki suka janye. Matarsa ta ce, "Malam, ka faɗa musu mana."

Ya ce, "In na wanke kaina, wa zan shafa wa?"

Bai faɗa ba, jama'a. Bai faɗa ba.

Rannan sai ga tsohon da sandarsa. Ya kama hannun Cindo, ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "Ɗana, idona bai mutu ba. Na san abin da ke ƙarƙashin kowane fure. Allah Ya rufa maka asiri ranar da babu mai rufawa sai Shi."

Ina son Cindon nan, wallahi ina son shi. Rufin asirin ɗan'uwa ibada ce, ko da sunanka ne zai biya. Mu fa? Mu ga kuskuren mutum, kafin la'asar unguwa ta ji. Yau in ka koma gida ka tarar tsohonka ya zubar da miya a riga, ka goge masa, ka kama bakinka.