Jar Sarƙar Mai Yasar Rijiya

Akwai wani mutum mai yasar rijiya, gidansa yana bayan gari, kusa da katangar wata masana'anta. Ba shi da gona, ba shi da dabba. Abin da ya gada wurin ubansa sarƙa ce ta baƙin ƙarfe, doguwa, mai nauyi. Da ita yake sauka cikin rijiyoyin mutane ya kwashe laka, da ita kuma yake hawowa. Kowace rana ransa a jikin sarƙar nan yake rataye.

A bayan katangar kuwa akwai wani kududdufi, inda masana'antar take zubar da ruwan sinadarin da ta gama aiki da shi. Ruwan shuɗi ne, kamar an kaɗa bula. Yana da kyan gani, amma ba a taɓa jin kukan kwaɗo a wurin ba, ko sauro ba ya sauka a kansa. Awaki ma, da ba su ƙin komai, in sun iso nan sai su ratse.

Wata rana da tsakar rana mutumin ya taso daga aiki, sarƙa duk laka. Ƙyuyar jawo ruwan wanke ta ta kama shi, sai ya tsoma bakin sarƙar cikin kududdufin, ya zauna yana hutawa. Wurin tsit. Can sai ya ji wata 'yar ƙara, kamar ana raɗa a ƙarƙashin ruwa, ƙananan kumfa suna tasowa daga inda ƙarfen yake. Da ya jawo, sai ga bakin sarƙar ya koma ja wur.

Ya kai wa wani tsohon maƙeri. Maƙerin ya kankare da wuƙa, ya murza a yatsa, ya ce, "Jan ƙarfe ne. Wanda ya narke cikin ruwan ne ya fito ya kwanta a jikin ƙarfenka. In ka tara, zan saya. Amma ɗana, ruwan nan ba kyauta yake bayarwa ba, musaya yake yi. Duk jan da ya ba ka, sai ya ci baƙi a madadinsa. Ka jefa masa tarkace. Kada ka ba shi abin da kake dogara da shi."

Da fari ya ji magana. Ya riƙa jefa tsofaffin ƙusoshi da gwangwanaye da karyayyar fartanya. Su narke su ɓace, ya kwashi jan taɓo ya shanya ya sayar. Gidansa ya fara ƙamshin miya. Amma tarkace ya ƙare, gama ba shi kaɗai yake tsintarsa ba. Sai ya dubi sarƙarsa a rataye, ya ce a ransa, "Ga ƙarfe jibgi guda. Tsomawa ɗaya me za ta rage?"

Ya tsoma, ya kankare, ya duba. Sarƙa tana nan yadda take. Ya sake. Ya kuma sakewa. Daga baya ma ya daina kankare shafin ƙarshe, domin in jan yana jikinta sai ta fi kauri a ido, hankalinsa kuma ya kwanta. Kun ji wayo irin na ɗan adam, ya rufe wa kansa ido sa'an nan ya ce bai ga komai ba.

Ran nan matarsa ta ɗauke sarƙar za ta yi shara, sai ta tsaya.

"Maigida, sarƙar nan ta yi sakayau. Da ba na iya ɗaga ta ni kaɗai."

Ya yi dariya. "Ƙarfi kika ƙara, abinci ya karɓe ki."

"Ko ƙararta ta sauya. In ta faɗi yanzu, ba ta amo."

Ya ce mata ta bar zancen. Ta bari, amma tsoro bai bar ta ba.

Sai aka kira shi yasar rijiya mafi zurfi a garin. Matarsa ta bi shi. Ya ɗaura sarƙar a gungumen da aka gitta a bakin rijiyar, mutane suna ta yaba kyanta. Ya fara sauka. Sanyi ya lulluɓe shi, muryoyin mutane suka yi nisa, har bakin rijiyar ya zama kamar faifai a bisa kansa. Sai ya ji wani abu yana zubo masa a fuska. Ya shafa, jan gari ne. Ya dubi inda hannunsa ya goge sarƙar, ya ga ƙarfen da ke ƙarƙashin jan bai fi tsinke ba, duk ramuka. Ya dubi sama, da nisa. Ya dubi ƙasa, duhu. Ya buɗe baki ya kira sunan matarsa.

Na waje ba su ji ƙarar tsinkewa ba. Sun dai ga sarƙar ta saki. Da suka jawo, matar ta kama bakin sarƙar, sai ya marmashe a tafinta.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Sarƙar ita ce bangaskiyarka, wadda ranka yake rataye a jikinta. Shuɗin ruwan shi ne zunubi. Kada ku ce zunubi ba ya ba da komai. Yana bayarwa, abin da yake bayarwa kuma yana ƙyalli. Amma bai taɓa bayarwa kyauta ba. Ƙarya ɗaya ta fisshe ka kunya, ta ci gaskiyarka kaɗan. Ha'inci ɗaya ya sa nama a tukunya, ya ci addu'arka kaɗan. Ran Lahadi ka zo sujada, kowa ya ga sarƙarka ja mai kauri, har a yaba.

Muryar matar nan kuwa ita ce faɗakarwar da Ubangiji yake aiko maka tun kana kan tudu. Ina roƙonku da hawaye, kada ku mayar da ita abin dariya. Yau ka kankare jan, ka dubi abin da ya saura, ka kawo shi wurin Mai Ceto ya sabunta. Gama ranar da za ka rataya dukan nauyinka a kanta tana zuwa, a tsakiyar rijiya kuwa ba a sauya sarƙa.